ABIN DA KE CIKIN TABAR WIWI

A Kara-Kara da sauran unguwannin Damagaram, akan ji samari suna cewa: "Ai wiwi magani ce, Turawa ma sun yarda." Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, amma akwai ruɗi a cikinta. Bari mu warware zare da abawa.

Masana sun gano sinadarai fiye da 100 waɗanda wiwi ta keɓanta da su. Yawancinsu suna cikin danƙon da ke jikin furen macen shukar. Biyu ne manya. Ana kiran su THC da CBD.

THC, mai sa maye

A shekarar 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tace THC a ƙasar Isra'ila. Shi ne yake bugar da mai sha. Idan an zuƙi hayaƙi, THC yakan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin mintoci kaɗan. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, idanu su yi ja, baki ya bushe, yunwa ta taso. Mutum yakan manta abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu. Hannu da ƙafa sukan yi nauyi, shi ya sa ɗan kabu-kabun da ya sha yake cikin haɗari, shi da wanda ya ɗauko.

Maye yakan wuce bayan awa 2 ko 3. Amma THC yana ɓuya cikin kitsen jiki. Wanda yake sha kullum, ana iya ganin alamarsa a fitsarinsa bayan makonni.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Don haka yaro ya fi babba cutuwa. Cikin mutum 10 masu sha, wajen 1 yakan kasa dainawa. Cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, 1 ne cikin 6. Yawan sha yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman idan akwai ciwon a dangi. Mai ciki da mai goyo su sani cewa THC yana isa ga jariri ta mabiyiya da ta nono.

CBD, wanda ba ya sa maye

Shi ne tushen zancen magani. A shekarar 2018 hukumomin Amurka suka amince da wani magani mai suna Epidiolex, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Amma a masana'anta ake tace CBD ɗin, a raba shi da THC, a auna shi. Likita ne yake rubuta shi, yana kuma duba hantar mai sha. Ƙullin da ake sayarwa a lungu ba haka yake ba. Mai sayarwa maye yake sayarwa, kuma babu wanda ya auna abin da ke ciki.

Abin yi

Dokar Nijar ta hana noman wiwi da sayar da ita da shan ta. Manomi kada ya yarda a raɓa ta cikin gonarsa ko garkarsa.

Iyaye, idan yaro ya daina barci, yana yawan tsoro, ko yana magana shi kaɗai, kada a ɗaure shi, kada a kore shi. A kai shi asibiti da wuri. Wanda ya daina sha yakan yi fama da rashin barci da saurin fushi na mako 1 ko 2, sa'an nan abin ya lafa. A lokacin nan ne ya fi bukatar ƴan'uwansa.