Hawan Dutse: Abin da Ake Tambaya Kafin a Kama Hanya

 Yau shirin namu kan hawan dutse ne, irin wanda ake fita da sassafe a dawo gida kafin magariba.

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya ga Dutsen Kwatarkwashi, inda a da ake bikin kamun maiki. To, dutsen da ka hau cikin sauƙi a watan Janairu ba haka za ka same shi a Agusta ba. Da damina ruwa na bin falalen dutse, gansakuka ta fito, santsi ya hana mai silifa sakat. Ciyawa ta rufe turba, macizai na kwance a ciki. In hadari ya taso kuwa, wanda ke can sama shi ya fi kowa shiga hatsarin tsawa. Da hunturu ƙafa na samun riƙo, sai dai hazo kan ɓoye maka hanyar saukowa.

Mu dai Allah bai ba mu dusar ƙanƙara ba. Ko Chappal Waddi na Jihar Taraba, da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya da mita 2,419, iyakarsa sanyi da hazo. Amma ku je Maroko. Dutsen Toubkal mita 4,167 ne, kuma duk mita dubu da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6. Shi ya sa a lokacin sanyi za ka bar ƙauyen Imlil da ke gindin dutsen rana na haskawa, ka tarar saman dutsen fari fat da dusar ƙanƙara.

Ita dusar nan ba ta da hali ɗaya. Da asuba a daskare take, ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi suna kama ta da kyau. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa, wani lokaci ma ta zame daga gangare ta binne mutane. Saboda haka mahaya ke tashi tun da duhu, su yanke lokacin juyowa. In lokacin ya yi, ko ana hango ƙololuwa, juyowa ake yi, domin saukowa da gajiya ta fi hawan wuya.

Alhazanmu da suka hau Jabalun Nur don ganin Kogon Hira sun san sammakon nan, sai dai su zafin Makka suke gudu.

A nan gida akwai tambayar da ke gaba da ta santsi: lafiyar hanya. Halin rashin tsaro da dazukanmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A fara jin ta bakin mai gari da mafarautan wurin, a tafi cikin ayari da isasshen ruwan sha, a kuma sanar da mutanen gida lokacin dawowa. In suka ce kada a je, a haƙura.