Attajirai da Gonakin Amurka

Gonakin Amurka sun zama ma'ajiyar dukiya ga attajirai da kamfanonin zuba jari, domin darajar ƙasa ba ta cika faɗuwa ba, ga kuma kuɗin haya duk shekara. A 2021 aka bayyana cewa Bill Gates ya fi kowa gonaki a ƙasar, da eka kusan 242,000. Irin waɗannan masu saye kan taya fili fiye da abin da masara za ta iya mayarwa. A jihar Ayowa, matsakaicin farashin eka ya haura dala 11,000 a 2022, ko da yake yawancin masu sayen can manoma ne da suka riga suka kafu. Matashin da bai gaji gona ba sai dai haya, kuma banki ba ya karɓar gonar haya jingina.