Munshari mai yanke numfashi: likitan haƙori ma yana da magani

Lokacin zafi, a Kirkisoy da sauran unguwannin Harobanda, yawancinmu a tsakar gida muke kwana. A nan kowa ke jin munsharin kowa. Da safe a yi wa mutum ba'a, a yi dariya, a wuce. Amma, ƴan uwa, akwai munsharin da ba abin dariya ba ne. Shi ne wanda mai barci ke yi da ƙarfi, sai ya yi tsit kamar ba ya numfashi, can kuma ya zabura yana shaƙar iska.

Yadda cutar take

In mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki. Ga wasu mutane, harshe yakan faɗa baya ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya na sakan 10 ko fiye. Likitoci suna ƙirga tsayawar: in ta kai sau 5 cikin awa guda, akwai cuta, in ta kai sau 30, cutar ta yi tsanani. Wani bincike na shekarar 2019 ya ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 936. Ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da masu ƙaramar haɓa.

Mai ita yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki. Da rana ya yi ta gyangyaɗi. Manomin shinkafa ya kasa aiki a fadama, direban tasi ya yi barci a bisa sitiyari. In ta daɗe, tana jawo hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Shi mai barci bai san abin da yake yi ba. Matarsa, ko wanda suke ɗaki ɗaya, shi ke iya ba likita labari.

Magunguna biyu

Na farko inji ne mai hura iska ta hanci dukan dare. Wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981. Shi ya fi ƙarfi, kuma shi ake fara ba wanda cutarsa ta yi tsanani. Sai dai yana da tsada, kuma yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Na biyu yana hannun likitan haƙori. Wata roba ce mai tauri da ake sanyawa a baki kafin a kwanta. Tana kama haƙoran sama da na ƙasa, ta turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Harshe ya biyo shi, hanyar iska ta buɗe. Ba ta son wuta, kuma tana shiga aljihu. Dabarar ta daɗe: tun 1902 wani likitan Faransa, Pierre Robin, ya ƙera irinta domin yara masu ƙaramar haɓa. Ta fi amfani ga wanda cutarsa ba ta yi tsanani ba, da wanda ya kasa jure injin.

Likita yakan ɗauki awon bakin mutum, a ƙera masa tasa shi kaɗai. Ba a aron ta wani. Kwanakin farko yawu kan yi yawa, muƙamuƙi ya yi tsami da safe. Bayan shekaru haƙora na iya gusawa, don haka ake komawa a duba. Kuma ba ta raba mutum da cutar: daren da ba a sanya ta ba, munshari ya dawo.

Sai da haƙori

Ga abin da ya kamata mu riƙe: robar a haƙora take tsayawa. Ana son kamar haƙora 8 zuwa 10 masu ƙarfi a sama, haka kuma a ƙasa, da dasashi mai lafiya. Wanda ya bari haƙoransa suka zube ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Mu goge baki da asawaki ko buroshi safe da dare. Mu rage sukari a shayi. Haƙori mai kogo a kai shi a cike tun bai kai ga cirewa ba.

Kada a je wa wanzami

Wasu sukan ce beli ne, a tafi a cire. Cire beli a gida ba ya maganin wannan cuta, yana iya kawo zubar jini da sandarewar jiki. Yaro mai munshari kowane dare a kai shi asibiti a duba maƙogwaronsa.

Abin da za mu yi

Mu kwanta a gefe, mu bar rigingine. Mai ƙiba ya rage. A bar taba, da giya, da ƙwayar barci da likita bai rubuta ba. Wanda aka ga numfashinsa na tsayawa ya fara da likitar unguwa, a auna masa jini. Daga can ake tura mutum asibitin Gaweye, ko na Lamorde, ko babban asibitin Yamai, inda akwai sashen haƙori. A tafi tare da wanda ya ga barcin, domin shi ne mashaidi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.