Ƙurar Hunturu da Madubin Hangen Taurari

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, hadari kan ɗauke daga sararin ƙasar Gobir, dare ya yi tsawo, Kaza da 'Ya'yanta su fito tun da almuru. Wannan ne lokacin da malamin kimiyya a Sabon Birni ko Isa zai so ya fito da madubin hangen nesa domin ɗalibansa. Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe.

Shin mene ne illar wannan ƙura? Da yawa daga cikin ƙwayoyinta ɓurɓushin yashi ne, shi kuwa yashi ya fi gilashi tauri. Madubin da ke tattara hasken taurari gilashi ne da aka shafa wa alminiyam, kaurin shafin kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ba. 'Yar ƙurar da ta kwanta a kansa ba ta rage haske sosai. Amma da zarar an sa gefen riga an goge, kowace ƙwaya sai ta ja zane, zanen kuma ba ya gogewa. Ka ga an yi gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Manyan cibiyoyin nazarin taurari ma ba su tsira ba. A tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, yamma da gaɓar Maroko, akwai madubin Gran Telescopio Canarias, wanda aka buɗe a 2009. Faɗinsa mita 10.4 ne, an haɗa shi da ɓangarori 36, yana kan dutse mai tsawon fiye da mita 2,200. Duk da haka ƙurar Sahara kan isa can. Don haka aka kafa na'urorin auna ƙurar da ke cikin iska. Idan ta wuce haddi sai a rufe ƙubbar ginin, ko da masana na tsakiyar aiki. Sun gwammace asarar dare guda da asarar madubi. Idan kuwa za a share ƙura a irin waɗannan cibiyoyi, akan fesa daskararriyar iskar kabon-dayoksaid mai kama da ƙanƙara, ta kwashe ƙurar ta ɓace, ba tare da hannu ya taɓa ba.

Makarantar da ba ta da waɗannan kayan aiki za ta iya bin wannan hikima ba tare da kashe kuɗi ba. Da farko a lura da yamma: idan hazo ya haɗiye rana tun ba ta kai ga faɗuwa ba, a bar madubi cikin akwatinsa. Idan gari ya washe, a nemi wurin da gini ya tare iska, nesa da hanyar motoci da burtalin shanu. A yayyafa ruwa a ƙasa, a shimfiɗa tabarma, domin ƙafafun ɗalibai kan ta da ƙura ƙwarai. A naɗa kwali a bakin bututun ya zama kariya, kada kuma a fuskantar da shi inda iska ke fitowa. Duk sa'ad da aka tsaya yin bayani, a mayar da murfi.

In wanki ya zama dole, a fara hure ƙurar da 'yar robar busa iska, ban da baki, sannan a ɗauraye da tataccen ruwa, a bar shi ya bushe da kansa.

Yana da kyau malamai su koya wa ɗalibai wannan ladabi tun daren farko, domin madubi ɗaya da aka kula da shi zai iya nuna wa aji bayan aji ramukan wata har shekaru masu yawa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.