Digirin LL.M a Ƙetare: Me Lauyanmu Zai Sayo da Kuɗinsa?

A 'yan shekarun nan, da wuya in zauna da matasan lauyoyi a Kano ko Kaduna ba a tayar da zancen tafiya Amurka ko Ingila neman digiri na biyu a fannin shari'a ba, wanda ake kira LL.M. Ban ga laifin wannan buri ba. Taslim Elias, wanda ya shugabanci Kotun Duniya da ke birnin Hague daga 1982 zuwa 1985, a Landan ya yi nasa. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga masu wannan shiri sun ɗauka takardar LL.M ita ce izinin tsayawa gaban alƙali a ƙasar da ta ba da ita, alhali ba haka abin yake ba.

A Amurka, wanda zai zama lauya sai ya gama digirin farko a wani fanni, sannan ya yi shekara uku yana karatun da suke kira JD. Shi kuwa LL.M karatun wata tara ne, kuma akasarin ɗalibansa baƙi ne da suka karanta shari'a a ƙasashensu. Izinin aikin lauya ba a hannun jami'a yake ba, ba kuma a hannun gwamnatin tarayya ba. Kowace jiha ke da jarrabawarta da sharuɗɗanta, wasu ma ba sa buɗe wa mai LL.M ƙofa sam.

Jihar Niyok ce baƙi suka fi rububi a kanta, kuma dokarta ta cancanci a karanta ta da natsuwa kafin a sayar da gona. Ta bambanta masu nema gida biyu. Wanda ya yi aƙalla shekara uku yana karatu a ƙasar da dokokinta suka samo tushe daga na Ingila, yana iya neman hukumar jarrabawa ta tantance takardunsa, idan sun gamsar da ita ya zauna jarrabawa ba tare da LL.M ba. Lauyan Nijeriya, da shekarunsa biyar na jami'a da shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko Yola, ta wannan ƙofa ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa. Ɗan'uwansa na Yamai ko Damagaram, wanda ya tashi a tsarin dokokin Faransa, shi dole ne ya cike giɓi da LL.M a makarantar da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta amince da ita, da darussa masu nauyin maki 24, ciki har da ladubban aikin lauya da rubutun shari'a. Wanda ya je ya cika jadawalinsa da darussan da suka burge shi kawai, zai iya kammalawa da sakamako mai kyau a ce masa bai cika sharaɗi ba. Bayan babbar jarrabawar akwai ta ladubba, da ta dokokin jihar, da aikin sa-kai na awa 50. Baƙi kuma sun fi 'yan gida faɗuwa nesa ba kusa ba. Kalifoniya ma tana barin wanda aka riga aka rantsar a matsayin lauya a wata ƙasa ya zauna tata jarrabawar.

A Ingila al'amarin ya fi fitowa fili. Tun 2021 hanyar zama lauyan da suke kira solicitor ita ce jarrabawar SQE, wadda kashinta na farko takarda biyu ce, kowace da tambaya 180, kuma LL.M ba ya cikin sharuɗɗanta.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Manyan makarantun Amurka na karɓar sama da dala 70,000 kuɗin karatu kaɗai, ban da masauki da abinci da inshorar lafiya. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Cikin 2024 ta haura 1,500. Ke nan ana maganar sama da naira miliyan 100 a shekara guda. Wanda ya ci bashi da niyyar biya daga albashin can, ya sani cewa izinin aikin da Amurka ke bai wa mai digirin shari'a bayan karatu wata 12 ne, daga nan sai ƙuri'ar biza, kuma manyan ofisoshin lauyoyi sun fi ɗaukar masu JD. Birtaniya kuwa, daga Janairun 2024, ta hana masu irin wannan digiri zuwa da iyalinsu. Ga magidanci mai mata da 'ya'ya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai tallafin karatu irin su Chevening da Commonwealth, sai dai Chevening na neman shekara biyu ta ƙwarewar aiki, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa.

To wa ya kamata ya tafi? A nawa ra'ayi, wanda zai koyar a jami'a ko ya zarce digiri na uku, da wanda ya san takamaiman fannin da yake nema: haraji, sasanta rikicin kasuwanci tsakanin ƙasashe, dokokin man fetur da makamashi. Waɗannan LL.M na ƙara musu daraja a gida ma.

Akwai kuma abin da nake mamakin yadda ba ma lura da shi. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da suka haɗa shari'ar Musulunci da dokokin zamani suna riƙe da abin da ba kowane lauya ke da shi ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, kuma kowace irin wannan yarjejeniya tana buƙatar lauyan da ya san fiƙihun ciniki ya kuma san dokar kasuwar hannun jari. Irin wannan matashi, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Maleshiya za ta iya fi masa Niyok amfani, kuma kuɗinta bai kai rabin na Amurka ba.