Abin Lura Ga Masu Zuwa Baje Kolin Dashe Da Tsofaffin Kayan Gida

Kamar yadda jama'a suka sani, da zarar damina ta kankama masu renon itatuwa kan fito da dashe iri-iri a gefen hanyoyin Dutse, da wuraren baje kolin amfanin gona, da kasuwannin mako irin ta Shuwarin da ke ci ranar Litinin. A irin waɗannan wurare kuma akan ci karo da dillalan tsofaffin kayan gida, masu sayen akushi da tasa da saƙi daga hannun mutanen karkara. Mun haɗa su a bayani guda domin halinsu ɗaya ne: darajar dashe da ta kayan gado ba ta bayyana ranar ciniki, sai bayan shekaru, lokacin da nadama ba ta da amfani.

Dashen dabino

An san Dutse da dabino tun kaka da kakanni, kuma a nan ne Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Ƙasa, wato NIFOR, take da tasharta ta binciken dabino. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, dabino yana da namiji yana da mace, kuma macen ce kaɗai ke ba da 'ya'ya. Idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, sannan ba a iya bambance su da ido sai sun fara fure bayan shekaru. Saboda haka manomin da ya sayi dashen ƙwallo guda 20 yana iya shafe shekara biyar ko fiye yana ban ruwa, daga baya ya tarar kusan goma ba za su taɓa haihuwa ba.

Amma tohon da aka cire daga gindin uwa, shi gadon uwarsa yake yi a jinsi da zaƙi da girman 'ya'ya, kuma ya fi saurin haihuwa. Ya fi tsada, sai dai hausawa sun ce araha ba ta ado. Don haka a tambayi mai sayarwa, na ƙwallo ne ko na gindi? In da hali a je a ga uwar. Maza kaɗan sun wadatar da gona, musamman inda ake barbara da hannu.

Mangwaro da sauran itatuwa

Mangwaro da lemo masu aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma irin da aka ɗaura ne zai fito. A duba wurin auren a ƙasan kara. Za a ga tabo ko ɗan kumburi inda aka haɗa reshen. In babu tabo, to na ƙwallo ne, ko da an yi masa wane suna. Har ila yau a ɗaga ledar a duba ƙasanta. Dashen da saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe a ciki, ya daɗe fiye da ƙima, kuma da wuya ya kama da kyau. A guji mai ganye rawaya ko mai ƙwari a bayan ganye.

Ga masu neman inuwa da kariya daga iska, darbejiya da ƙaro da zogale sun dace da ƙasarmu. Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da ke sahun gaba wajen fuskantar kwararowar hamada, waɗanda shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Lokacin dashe mafi dacewa shi ne Yuli zuwa farkon Agusta, domin itacen ya sami ruwan sama kafin rani. A yanke ledar kafin a binne, a kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Tsofaffin kayan gida

Akushi, tasoshin tagulla, gwado da saƙin hannu, adudu, tandu, takubba, kayan doki da littattafan da malamai suka rubuta da hannu, duk tarihin gidajenmu ne. Sau da yawa akan ba tsohuwa robobi ko kwanukan zamani a karɓe kayan jerenta, alhali abin da aka karɓa ba a ƙara yin irinsa.

Ya kamata a sani akwai doka a kan wannan. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya kayan fasaha da sana'ar hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana sayar da su sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fita da su ƙasashen waje ba tare da takardar izini ba. Kwalla da langa na kamfani da aka yi daga baya ba su shiga wannan rukuni ba, ana iya cinikinsu kamar kowace haja. Wanda yake shakkar abin da ke hannunsa, sai ya tuntuɓi ma'aikatan hukumar a Gidan Makama da ke Kano kafin ya rabu da shi. Idan kuwa kayan gado ne, wajibi ne a sami yardar sauran magada.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan saƙo a masallatai da wuraren taruwar jama'a. Haka nan muna roƙon malaman gona da jami'an gandun daji na ƙananan hukumomi su riƙa leƙa rumfunan masu dashe a ranakun kasuwa, domin manomi ya sami wanda zai tambaya kafin ya biya kuɗi. Su kuma iyalai, yana da kyau a rubuta sunan mai kowane tsohon kaya da garin da aka yi shi tun dattawan da suka sani suna raye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.