Ƙashin da ake gasawa kamar tukunya

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. In ƙashi ya karye aka ɗora shi, da kansa yake haɗewa. Amma in hatsari ko ciwo ya cinye babban yanki, ƙashi ba ya iya cike giɓin. Sau da yawa likita yakan yanko guntu daga ƙugun majinyaci ya sa a wurin. Ga ciwo biyu ke nan, kuma abin da za a iya yankowa kaɗan ne.

Yanzu akwai wata dabara. Fiye da rabin nauyin ƙashi wani farin ma'adini ne mai kalsiyam da fosfor. Masana suna iya haɗa garinsa. Sai su kwaɓa shi da wani irin ƙaro mai daskarewa in haske ya taɓa shi.

Da farko, ana ɗaukar hoton ƙashin da sikanar. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zana siffar giɓin daidai. Sannan injin gini ya shimfiɗa kwaɓin siriri kamar takarda, ya haska inda ake so ya daskare, ya sake shimfiɗa wani a bisa. Haka mai tukwane take tada tukunya, zagaye bisa zagaye. In an gama, sai a gasa shi cikin wuta mai zafin da ya wuce digiri 1000. Ƙaron ya ƙone, garin ya game ya yi ƙarfi.

Da gangan ake bar masa ƴan ƙananan ramuka. Ta cikinsu jijiyoyin jini suke shiga, sabon ƙashi ya tsiro ya riƙe shi. In babu ramukan, ƙashi ba ya samun hanyar shiga.

A Faransa akwai wani gari, Limoj, wanda ya yi suna wajen yin tangaran. A 2013 likitocin asibitin jami'ar garin suka ba da labarin mutum 8 da aka gyara wa ƙoƙon kai ta wannan hanya.

Amma wannan ƙashi yana fashewa kamar tangaran. Shi ya sa aka fi sa shi a kai da fuska, inda ba a ɗaukar nauyin jiki.

Tambayoyi
1. Don me ake gasa ƙashin?
2. Mene ne amfanin ramukan?
3. Don me ba a cika sa shi a cinya ba?